An ce mini karen ba ya zubar da gashi, ga shi 'yata ta fara tari

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gari a arewacin Ingila, shekararmu shida a nan da maigidana da yara biyu. Babban namiji ne, shekararsa tara, yana da lalurar galahanga, ba ya son magana da mutane, fita da shi waje kuwa yaƙi ne. Ƙaramar shekararta shida, tana da asma tun tana goye. Wata abokiyar aikina tana da kare irin wanda ake kira Labradudul. Duk ranar da muka je gidanta sai in ga yarona ya natsu, yana shafa shi, har yana yi masa hira, yarinyar kuma ba ta taɓa tari a gidan ba. Ƙawar tawa ta ce irin nan ba ya zubar da gashi, ba ya tayar da asma. Na yi wata da watanni ina lallashin maigida, shi dai ba ya so, daga baya ya ce in yi saboda yaron. Na tara kuɗin aikin dare na sayi kwikwiyo namiji a hannun wata mata mai kiwonsu, fam 1,400. A tallarta ta rubuta F2. Na ƙawata F1b ne, ni kuwa na ɗauka 2 ya fi 1. Yanzu watansa goma, kuma ko kusa bai yi kama da nata ba: fuskarsa sumul, gashinsa miƙaƙƙe, ko'ina a gidan gashi ne, har kan sallaya. Yarinyar ta fara tari da dare, abin shaƙarta shuɗi, wato maganin buɗe ƙirji in asma ta tashi, da kan yi mako ba ta taɓa ba yanzu kusan kullum ne. Maigida ya ce an damfare ni, a mayar da shi. Surukata ta hango shi muna waya ta bidiyo, tun ranar ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Mai kiwon ta ce ita ba ta yi ƙarya ba. Ƙawata ta ce in sayar da shi in sayi F1b irin nata. Yaron kuwa sai karen ya kwanta a ƙofar ɗakinsa yake barci, kuma albarkacinsa ne ya yarda yake fita. Anti, an cuce ni ne? In na canza da F1b matsalar za ta ƙare? Na rasa wanda zan zaɓa cikin 'ya'yana biyu.

Ƙanwarki daga Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma maganarki ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara. Ba a kai ga zaɓe tsakanin yaranki ba tukuna. Ke da maigida da Hajiya da ƙawarki kowa ya yanke hukunci a kan karen nan, amma babu wanda ya gwada ya gani ko shi ne ke tayar wa yarinyar ƙirji, ko wani abu ne daban, ko kuma haɗuwa suka yi. Sai dai akwai abin da ba zai jira kowa ba. Yarinyar da ke ɗaukar abin shaƙa shuɗi kusan kullum asmarta ta kuɓuce, kuma kin fi ni sani, don da 'yar wata ce aka kawo miki a wurin aiki da tuni kin faɗa wa uwarta haka. A ƙa'idar likitocinku na can, buƙatarsa sau uku ko fiye a mako ya isa a sake duba maganinta. Ki nemi ganin likita ko nas mai kula da masu asma a cikin makon nan, kafin duk wata magana ta kare. Zan dawo kan abin da za ki tambaye su.

Yanzu batun ko an cuce ki. Bari in bi da ke ta gonar Babana, don ta nan na fara fahimtar wannan abu tun ban san akwai karnukan gayu a duniya ba. Ina ƙarama, wata shekara ya sayi irin masara na kamfani. Gonar ta yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo, tsayi ɗaya, goyo ɗaya, kamar da igiya aka auna. Da kaka sai ya ware manyan ya rataye don iri, yadda ya saba yi da gero da dawa. Damina ta zagayo ya shuka, sai gona ta fito kamar taron kasuwa: wannan dogo, wancan gajere, wani goyo biyu, wani ko ɗaya babu. Baba ya yi ta faɗa wai kamfani ya cuce shi, sai da malamin gona ya zaunar da shi ya ce masa abin da ya saya ɗa ne, abin da ya shuka bana kuwa jika ne, kuma jikan irin haɗi ba ya fitowa iri ɗaya. To karenki jika ne, ƙanwata.

Harafin F ɗin nan farkon wata kalmar Latin ce mai nufin ɗa ko 'ya. Lambar da ke biye da shi ba daraja take nunawa ba, hawa take ƙirgawa. Labradudul haɗin jinsin karnuka biyu ne, Labrado da Fudul. Idan aka yi wa Labrado tsantsa barbara da Fudul tsantsa, 'ya'yan su ne F1. Idan aka haɗa F1 da wani F1, jikokin su ne F2. Idan kuma aka ɗauki F1 aka mayar da shi ga ɗaya daga cikin jinsin iyayensa, yawanci Fudul, shi ne F1b, irin na ƙawarki. Daga tattaɓa-kunne zuwa gaba masu kiwo kan ce musu masu hawa da yawa. Kin ga kuskurenki ba na wauta ba ne. A waya da mota lamba ta gaba ita ce sabuwa, waye zai zaci a kare ba haka ba ne?

Dalilin da jika ke warwatsewa shi ne kowace sifa kare kan gaje ta ne a ƙwayoyi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Karen F1 ba shi da zaɓi: duk inda aka duba, ƙwaya ɗaya ta Labrado ce, ɗaya ta Fudul, shi ya sa 'yan ciki ɗaya suke kama da juna kamar masarar Baba a shekarar farko. Amma idan shi F1 ɗin ya tashi haihuwa, a kowace sifa ɗaya kawai zai miƙa cikin biyun nan, kuma sa'a ce ke zaɓa. Uwa ta miƙa ta Labrado, uba ma ya miƙa ta Labrado, sai jika ya koma kakansa sak a wannan sifa. Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ne ya fara lissafa wannan a kan waken turawa a birnin Brno, ya buga shi a 1866: sifar da ta ɓuya a 'ya'ya takan sake bayyana a ɗaya cikin kowane jikoki huɗu.

A kan gashin kare ma an san waɗanne ƙwayoyi ne. A 2009 wasu masu bincike a Amurka ƙarƙashin Elaine Ostrander sun duba karnuka sama da 1,000 daga jinsi 80, suka gano cewa ƙwayoyi uku ne ke tsara mafi yawan nau'in gashin da ake gani. Ta farko ita ce mai ba kare gemu da gashin baki da gira mai cunkoso, irin fuskar da kika gani a gidan ƙawarki kika so. Ta biyu ita ke sa gashi ya yi tsawo. Ta uku ita ke murɗe shi. Fudul yana da duka ukun sau bibbiyu, Labrado kuwa yawanci ba shi da ko ɗaya. Ta gemun tana da rinjaye, guda ɗaya ta isa ta nuna kanta, don haka kusan duk karen F1 yana da gemu. Ta tsawon gashi kuwa sai an gaje ta daga uwa da uba duka, shi ya sa Labradudul na F1 da yawa gashinsu kaushi ne da shi, buzu-buzu, kuma suna zubarwa. A jikoki fa? Ɗaya cikin huɗu ba ya samun ta gemu ko guda, sai ya fito da fuska sumul, yana zubar da gashi kamar kakansa Labrado. Wannan shi ne karen da ke kwance a ƙofar ɗakin ɗanki. Wanda zai haɗa gemu da dogon gashi da ɗan lanƙwasa, wato kamannin da ake sakawa a hoton talla, 9 ne cikin 64, kusan ɗaya cikin bakwai. Wanda zai gaji duka ukun sau bibbiyu kamar Fudul kuwa ɗaya ne tak cikin 64. Ki duba lissafin nan da kyau, za ki ga karenki ba baƙon abu ba ne a cikin F2, ya ma fi na hoton yawa. Kuma a mako takwas da ake miƙa kwikwiyo duk suna da laushi kamar auduga, sai sun kai wata shida zuwa shekara suke kaɗe gashin yarinta su fito da na gaskiya, daidai lokacin da kika fara ganin gashi a kan sallaya.

Na ƙawarki kuma, in dai ɗaya daga cikin iyayensa Fudul ne tsantsa, ba zai taɓa rasa ƙwayar gemu ba, kuma a matsakaicin lissafi kashi 75 cikin 100 na gadonsa na Fudul ne. Gaskiyarta ne, irin nata ya fi ƙarancin zubar da gashi. Amma ko a nan a yi hattara: harafin b bai faɗi wane gefe aka koma ba, ana iya komawa ga Labrado a ce masa F1b, kuma kashi 75 ɗin matsakaici ne, wani ya ɗara, wani ya gaza. Wani abin dariya ma, a 2020 aka binciki gadon Labradudul na Ostireliya, waɗanda aka shafe shekaru ana zaɓen masu gashin da ba ya zuba, sai aka tarar mafi yawan jininsu na Fudul ne. An sha wuya an zagaya an dawo kusa da inda aka tashi.

Duk wannan labarin gashi ne. Abin da ya fi muhimmanci a gidanki shi ne ba gashi ke tayar da asma ba. Wasu sinadarai ne da ke cikin yawun kare da ɓarɓashin fatarsa da fitsarinsa, babbansu ana kiransa Can f 1. Gashi ɗan dako ne kawai. Kare mai murɗaɗɗen gashi ma yana lasar jikinsa, fatarsa tana saɓa, ɓarɓashin yana tashi a iska. A 2011 likitoci a birnin Ditiroit na Amurka sun auna ƙurar gidaje 173 masu karnuka, ba su ga bambanci tsakanin gidajen da ke da jinsin da ake cewa ba sa tayar da borin jini da sauran gidaje ba. A 2012 wasu a Holan suka auna gashin karnukan kansu, suka tarar Fudul da Labradudul sun ma fi wasu jinsin ɗauke da sinadarin a gashinsu, a iskar ɗaki kuma ba bambanci.

Ko mutumin da ya sa sunan Labradudul ya shahara ya sha wannan darasi. Wally Conron yana aikin kiwo a ƙungiyar karnukan ja-gorar makafi ta Ostireliya lokacin da wata makauniya daga Hawayi ta nemi karen ja-gora wanda ba zai tayar wa mijinta borin jini ba. Ya gwada Fudul 33 cikin shekara uku bai sami mai iya aikin ba, sai a 1989 ya haɗa Fudul da Labrado. Kwikwiyo uku aka haifa, ya aika gashinsu da yawunsu Hawayi aka gwada, ɗaya ne kaɗai mijin ya iya zama da shi. Uwa ɗaya uba ɗaya, biyu sun faɗi. Daga baya, a 2019, Conron ya fito fili ya ce yana nadamar abin da ya buɗe wa ƙofa, saboda yadda 'yan neman kuɗi suka shiga harkar. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne shi bai dogara da suna ba, karen ya gwada da mutumin.

Za ki ce to me ya sa yarinyar ba ta tari a gidan ƙawarki? Wataƙila wancan karen ya fi dacewa da jikinta, don karnuka sun bambanta ɗaya da ɗaya. Amma ziyarar awa biyu a falo daban take da kwana da tashi a gida ɗaya wata takwas, inda ɓarɓashi ya shige kafet da labule da katifa. Sannan ki tuna yaushe tarin ya fara. Idan ya zo daidai da shigowar sanyi, lokacin da ake rufe tagogi a kunna na'urar ɗumama ɗaki, to gidajen Ingila suna da wasu masu laifin: danshi da funfuna a bango, ƙananan ƙwarin ƙura da ke zama a katifa, da murar makaranta. Kada a rataye kare kafin a saurari shaidu.

Ga abin da za ki nema a asibiti. Bayan an gyara mata magani an ba ki takardar tsarin asmarta, ki roƙi a yi mata gwajin borin jini, na fata ko na jini, wanda zai haɗa kare da ƙwarin ƙura da funfuna da furen ciyawa. Ki kuma tambaya ko za a iya rarrabe sinadaran kare ɗaya-ɗaya, saboda akwai wani mai suna Can f 5 da ke fitowa daga jikin namijin kare, musamman wanda ba a dandaƙe ba, kuma akwai mutanen da shi kaɗai ne jikinsu ba ya ɗauka, suna iya zama da karya lafiya lau. Naki namiji ne, ba ki faɗa mini na ƙawarki ba, ki bincika. Kafin sakamako ya fito ki buɗe littafi: ƙarfin hurawarta safe da yamma, sau nawa ta shaƙi magani, dare nawa ta farka. Kada ki ce za ki kai karen wani gida na mako ɗaya ki gani, ɓarɓashinsa yakan yi watanni a gida bayan ya tafi, sai gwajin ya ruɗe ki. Gara ita ta yi 'yan kwanaki a gidan dangi marasa dabba lokacin hutu, ki kwatanta littafin.

A gida kuma daga yau ɗakinta ya zama haramtacce ga karen, ƙofa a rufe dare da rana. Na san inda gizo ke saƙa: ɗanki ba ya barci sai karen na ƙofarsa. To idan ɗakunan suna jere, a canza wa ɗaya ɗaki, ita ta koma mafi nisa, karen kuma ya kwanta a kan shimfiɗar da za a iya wankewa da ruwan zafi duk mako. A yi masa wanka sau biyu a mako, don wankan yana rage sinadarin amma cikin kwana biyu zuwa uku yake dawowa. A taje shi a waje, ba ita ba, kuma ba a gabanta ba. Injin shara mai matatar HEPA da ke kama ƙananan ƙura, matatar iska a ɗakinta, wanke hannu bayan taɓa shi, hana shi lasarta, in da hali a cire kafet. Ba zan yaudare ki ba, waɗannan ragewa suke yi, ba sa warkarwa. Ku ba su mako shida zuwa takwas tare da sabon maganin, littafin nan zai gaya muku gaskiya. Amma in ta sami tashin da ya kai ku asibiti da gaggawa, ko likita ya ce karen ne kuma ƙirjinta bai lafa ba, to magana ta ƙare. Numfashi ba a cinikinsa.

Shawarar ƙawarki ta canji ba na goyon bayanta, duk da na san don Allah ta ba ki. Tsuguno bai ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Idan gwaji ya nuna yarinyar ba ta ɗaukar Can f 1, sabon karen ma yana da shi, kin sake zuba kuɗi, kin raba yaro da amininsa, bayan wata takwas ku dawo nan. Sannan gashin da ba ya zuba ƙasa a jikin karen yake tsayawa ya dunƙule, sai taza kusan kullum da kai shi aski duk mako shida zuwa takwas, ga kunnuwan da ke yawan ciwo, ke kuma mai aikin dare. Kuma ɗanki ba F2 yake so ba, wannan karen yake so. A 2022 wani babban bincike a Amurka a kan karnuka sama da 18,000 ya nuna jinsi bai bayyana fiye da kusan kashi 9 cikin 100 na bambancin halin karnuka ba. Babu harafin da zai yi miki alkawarin sabon kwikwiyo zai kwanta a ƙofar yaron.

Mai kiwon fa? Idan abin da ta rubuta F2 ne kawai kuma karen F2 ne, ba ta yi ƙarya ba, ko da yake mai tsoron Allah da ta ji akwai mai asma a gida da ta zaunar da ke ta yi miki bayanin da na yi miki. Ki nemo hoton tallar da saƙonninku. Idan ta rubuta cewa ba ya zubar da gashi ko ba ya tayar da borin jini, kina da abin riƙewa, don dokar kare masu saye ta 2015 ta ce abin da ɗan kasuwa ya sayar dole ya dace da yadda ya siffanta shi, kuma kwikwiyo yana ciki. Sai dai kwana 30 na mayar da kaya sun wuce, wata shida ma sun wuce, yanzu ke ce za ki kawo hujja. Ƙungiyar ba jama'a shawara ta Citizens Advice za su duba miki kyauta. Ki kuma duba ko tana da lasisin ƙaramar hukuma, don tun 2018 duk mai fitar da ciki uku ko fiye a shekara a Ingila sai da shi. Amma ni a ganina akwai abin da ya fi kuɗi amfani da za ki nema a wurinta: takardun lafiyar iyayen karen, na ƙugu da na ido, da kuma alkawarin za ta karɓe shi in ta kama. Na ambaci ido ne saboda akwai wata makanta ta gado da Labrado da Fudul duk suke ɗauke da ita, haɗa su ba ya kawar da ita. Maganar cewa ɗan ruwa biyu ya fi lafiya ma, a 2024 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta kwatanta Labradudul da wasu irinsa biyu da jinsin iyayensu a kan cututtuka 57, kusan kashi 87 cikin 100 na kwatancen ba su nuna bambanci ba.

Maigidanki ki yi masa adalci a zuciyarki. Mutum ne da ba ya son abu ya haƙura saboda ɗansa, yanzu yana kwance yana jin tarin 'yarsa. Da ya ce an damfare ki, ina jin tsoro ne ke magana, ba gori ba. Kada ki tsaya kare kanki. Ki same shi a natse ki ce masa, Baban yara, na yi kuskuren fahimtar abin da na saya, ga abin da na gano, ga ranar likita, ina so mu je tare. Ku sa rana a kalanda, ku yarda tun yanzu cewa abin da gwaji da littafi suka nuna shi za a bi, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba. Namijin da ya ga an sa wa'adi ya fi sauƙin haƙuri a kan wanda aka bari yana jira ba iyaka.

Hajiya kuwa aikin ɗanta ne, ba naki ba. Shi zai kira ta ya gaya mata jikanta da ba ya fita yanzu yana fita, jikarta kuma tana hannun likita. Ke dai ki ci gaba da gaisuwa, ki daina ɗaga waya inda karen yake. Kuma ƙyamarta ba daga sama ta faɗo ba. A Malikiyyar da yawancinmu muka tashi a kai kare mai rai ba najasa ba ne, duk da umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma sun fi tsanantawa. Hadisi ya yi izinin riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona, ya yi gargaɗi a kan riƙe shi haka kawai. Ko lalurar ɗanki ta shiga cikin buƙatar da ake yi wa uzuri, wannan ku kai wa malamin da ya san rayuwar can ya kuma san galahanga, ni ba malama ba ce. Abin da ke hannunki shi ne ɗakin salla da sallaya da kwanonin abinci su yi nisa da shi, wannan ma zai sanyaya wa maigida rai.

Idan ta tabbata sai ya bar gidan, kada ki yi shi dare ɗaya, kuma kada ki saka shi a Facebook, don namijin Labradudul da ba a dandaƙe ba masu kiwon kuɗi ne za su fara kiranki. Ki fara da mai kiwon, sannan ƙungiyoyin da ke nema wa karnuka sabon gida, Dogs Trust ko Blue Cross. Amma abin da na fi so ki gwada shi ne gida na kusa, wata abokiyar aiki ko maƙwabciya mai son kare, da sharaɗin ɗanki zai riƙa fita yawo da shi a ranaku sanannu, ya dawo ya canza kaya ya wanke hannu kafin ya haɗu da ƙanwarsa. Yaro mai galahanga ba rabuwa kaɗai ke gigita shi ba, sauyin da ya faɗo ba shiri ne, don haka a gaya masa tun da wuri da hotuna, a kai shi ya ga sabon gidan da inda karen zai riƙa kwana, malamansa na makaranta su sani. Ƙungiyar Dogs for Good tana da shiri na musamman don iyayen yara masu wannan lalura da ke da kare a gida, ki tuntuɓe su ko karen ya zauna ko ya tafi. Kuma ko da wasa kada wani ya ce a gaban yaran saboda ƙanwarsa aka rabu da karen. Ita ma ki lura da ita, yara masu shekara shida sun iya ɓoye tari in sun ga zai sa yayansu kuka.

Ki kira asibiti gobe da safe kafin ki kwanta barcin bayan aiki. In sakamako ya fito ki rubuto mini, ki gaya mini ko na ƙawarki mace ce. Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan yaran.